Wadda Ta Share Ƙofar Muazzam

Ranar da Eldor ya fara ganin Barno, tsaye take da takalmin aiki a tsakiyar ɗoɗɗoyar da mahaifiyarsa ta shuka, tana auna tsakar gida, tsohuwar kuma, Muazzam, tana zuba mata ruwan masifa daga baranda.

"Ke 'yar gidan waye? Makauniya ce ke? Fitar mini daga shuka!"

Barno ta dubi ƙafarta, ta ɗage ta a hankali, sannan ta kira tsohuwar da Hola, wato Inna.

"Ki yi haƙuri, Hola. Amma nan ɗin za a haƙa. Ko na taka ko ban taka ba, shukar nan tashi za ta yi."

Muazzam ta dafe ƙirji ta juya wajen ɗanta.

Tsohon gida ne a cikin tsohuwar Tashkent, mijin Muazzam ya rasu ya bar musu. Eldor, ɗanta tilo, likitan haƙori ne, kuma ya gaji da ganin gwiwoyinta suna kumbura duk shekara idan dusar ƙanƙara ta sauka gas ya yi rauni. Ya sa aka fasa daɓen ɗakuna, aka cire tsofaffin tagogi. Sannan ya ɗauko kamfanin da zai haƙa ramuka masu zurfi kamar burtsatse a tsakar gida, a zura bututu, inji ya riƙa jawo ɗumin ƙasa zuwa ƙarƙashin daɓe. Da zafi kuma injin ya juya, ya kwashe zafin ɗaki ya mayar ƙasa. Bai dai san mace za a turo masa ba.

"Ke ce injiniyar?" in ji shi.

"Kai ne mai gidan da bai gaya wa mahaifiyarsa abin da ya ɗauko ba?"

"Na gaya mata. Ba ta yarda akwai ɗumi a cikin ƙasa ba."

"Zafin da na sani a ƙarƙashin ƙasa na kabarin mugu ne," in ji Muazzam.

"Hola, ina kike ajiye kankana da tuffa?"

"A ɗakin ƙarƙashin ƙasa mana."

"Da sanyi suna daskarewa? Da zafi suna ruɓewa?"

Tsohuwar ta taɓe baki.

"To aikina ke nan gaba ɗaya," in ji Barno.

"Ka ji ko?" Muazzam ta ce wa ɗanta. "Ta mayar da ni kankana."

Dariya ta kuɓuce wa Eldor. Barno ta harare shi, amma ta lura da yadda ya sa hannu ya rufe baki kamar wanda aka kama da laifi, kuma ta ji haushin kanta da ta lura.

Da aka kawo shayi, Muazzam ta cika mata kofi har baki. A al'adar garin nan wanda ake son zamansa kaɗan-kaɗan ake zuba masa, cikakken kofi kuwa sallama ce. Barno ta shanye shi tas, ta ajiye, ta ce, "Gobe da safe zan dawo."

Ta dawo kuwa, ta kuma dawowa. Kullum Eldor sai ya sami dalilin makara zuwa asibiti. Yau yana tambayar zurfin rami, gobe yana tambayar kaurin bututu. Wata rana Barno tana cikin motar haya saƙonsa ya shigo:

"Malama mai haƙa, na lura sana'armu ɗaya. Ni ina haƙa baki, ke kina haƙa gida, kuma duk wanda ya gan mu sai gabansa ya faɗi."

Ta mayar masa: "Bambancin shi ne ni ba na cewa ba za a ji zafi ba."

"Na yarda. Tun da kika shigo gidanmu nake jinsa."

Ba ta amsa ba. Amma ta karanta har ta wuce inda za ta sauka.

Akwai wadda ba ta ji daɗin wannan makarar tasa ba. Dilafruz ce, 'yar maƙwabtansu, wadda Muazzam ta daɗe tana kira "'yata" a gaban mutane, ita kuma tana kawo mata samsa mai zafi, irin samosar can, duk Alhamis. Tagar ɗakinta tana kallon ƙofar gidan.

Ranar da motar haƙa za ta zo, Barno ta riga kowa isa, gari bai gama wayewa ba. Lungun matsattse ne, kuma tsohon bututun ruwa ya bi ta gaban ƙofar. In tayar motar ta hau kansa, unguwa duka za ta kwana babu ruwa. Sai ta zana layi da fenti, amma ganyen kaka ya rufe ko'ina. Ta ga tsintsiya jingine a bayan ƙyaure. Ta ɗauka, ta yayyafa ruwa, ta sunkuya ta share ƙofar gidan fes, har zuwa bakin lungu.

Ba wai ba ta sani ba ne. Kowace yarinya a garin nan ta san wadda ke share ƙofar gida da asuba: kelin ce, sabuwar amaryar gidan, mai nuna wa unguwa tarbiyyarta. Amma a lokacin bututu ne a ranta.

Kafin motar ta gama shiga, hotonta yana cikin wayar kowace mace a unguwar. A ƙarƙashinsa Dilafruz ta rubuta: "Muazzam hola ta yi kelin, ba a gayyace mu cin osh ɗin biki ba."

Muazzam ta fito da waya a hannu.

"Ke! Ashe ba rami kika zo haƙa ba, ɗana kika zo haƙa wa! Wace uwa ce ta haife ki ba ta koya miki kunya ba?"

Ma'aikata suka kashe inji. Barno ta cire hular kwano, ta riƙe a hannu.

"Ki zage ni, Hola, ki bar uwata. Na share don in ga ƙasa. Da ɗanki nake so, ba da tsintsiya zan zo ba."

A gida ma wutar ta riga ta isa. Mahaifinta, Tolib, malamin makaranta ne mai ritaya da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ranar ya ɗaga.

"Har a masallaci an yi mini barka! Ba za ki sake taka gidan nan ba. Kamfaninku su tura namiji."

"Dada, in na bari yau, na amsa laifin ke nan. Za a ce an kama ta, ta gudu."

"In kika koma za a ce ba ta da kunya."

"To su zaɓi wanda za su faɗa. Ni daɓen tsohuwar nan a fashe yake, kuma sanyi yana hanya. Ban taɓa barin rami a buɗe ba."

Ya juya mata baya. Ya yi makonni ba ya amsa gaisuwarta.

Da yamma saƙon Eldor ya zo:

"Barnojon, kada ki damu. Zan turo manya gidanku. In aka karya gurasar baiko, bakin kowa zai mutu, sunanki ya wanku."

Ta karanta, idonta ya ciko, ba don daɗi ba. Ta rubuta:

"Sunana bai yi datti ba balle ka wanke shi. Ni ba ruɓaɓɓen haƙori ba ce da za ka cike don a daina gani. Daga yau maganar aiki kawai."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Washegari ya tare ta a bakin ramin.

"Ba haka nake nufi ba. Wallahi tun kafin tsintsiyar nan..."

"To me ya hana ka faɗa kafin tsintsiyar? Matsa, likita, kana tsaye a kan bututuna."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata sauƙi ba. Kullum sai ta ratsa lungun nan, matan suna zaune a bakin ƙofofinsu. "Sannu kelin, yau ba shara?" "Ki zo tamu ƙofar ma, muna da saurayi." Wata ta jefo mata tsohuwar tsintsiya a gabanta. Barno ta tsallake, ba ta ƙara sauri ba, ba ta sunkuyar da kai ba. A cikin gida Muazzam ta daina kawo mata ko ruwa, sai Barno ta riƙa zuwa da nata a gora. Shugabanta a kamfani ya ce zai canza mata wuri, ta ce in ya canza ta to ya nemi wani injiniya gaba ɗaya.

Kuka tana yi, amma a banɗakin gidansu, famfo a buɗe.

Eldor bai sake turo mata kalmar so ba. Sai dai ranar Alhamis da Dilafruz ta shigo da samsa, ya tare ta a tsakar gida a gaban uwarsa da ma'aikata.

"Ki mayar, ƙanwata. Hannun da ya ɗauki hoton nan, ba zan ci abincinsa ba."

"Eldor!" in ji Muazzam. "A kan wannan mai takalmin maza?"

"Oyi," ya ce wa uwarsa, "ita ko babu kowa. Kuma ita ma ba ta so na yanzu, sai ki kwantar da hankalinki."

Barno tana durƙushe tana haɗa bututu. Ba ta ɗago ba, amma sai da ta sake ɗaurin, don hannunta ya karkace.

Aka zura bututu, aka cike ramuka, aka shimfiɗa wasu a ɗakuna aka zuba sabon daɓe a kai. Ranar da aka kunna injin, wanda bai fi firji girma ba, dusar ƙanƙara ta farko tana sauka. Barno ta jira har daɓen ya ɗauki ɗumi. Muazzam ta cire safa ta taka, ta tsaya jim.

"Ɗumi dai ya yi," ta ce. "Ke ce ba ki yi ba."

"Ɗumin aka kira ni in kawo, Hola. A zauna lafiya."

Ta kwashe kayanta ta fita, ba ta waiwayi Eldor ba.

Sanyin shekarar ya zo da mugunta. Gas ya koma kamar wutar kyandir, mutane suna kwana da rigunan sanyi. Gidan Muazzam kaɗai ne ake zama da riga ɗaya. Matan lungu suka fara zuwa gaishe ta da hantsi, su baje a ƙasa da jikoki, ba sa tashi sai la'asar. Hira kuwa ba ta wuce Barno.

"Irin waɗannan 'yan jami'ar, ai ba sa zaman aure."

"An ce ubanta ma ya sallama ta."

"Allah ya rufa miki asiri, Muazzam, da yanzu ta mallake miki ɗa."

Muazzam tana jin su, ƙafafunta a miƙe, gwiwoyin da ba su kumbura ba bana. Can ta ajiye butar shayi da ƙarfi.

"Ku tashi."

Suka dube ta.

"Na ce ku tashi! A kan ɗuminta kuke zaune kuna cin namanta. Ni na zage ta, kuma a fuskarta na yi, ta tsaya ta amsa mini. Ku wace ce a cikinku za ta iya ratsa lungun nan kullum ana yi mata abin da kuka yi mata? Ku je gida ku zage ta a cikin sanyi."

Muazzam ba ta aika kowa ba. Da kanta ta sa mayafi, ta naɗe gurasa da alewa a farin ƙyalle, ta nufi gidan Tolib nema wa ɗanta aure. Aka sallame ta da "za mu yi shawara", kamar yadda ake yi. Ta koma. A zuwan ƙarshe ta ce a kira mata yarinyar.

Barno ta shigo ta tsaya.

"Ban zo wanke sunan kowa ba," in ji Muazzam. "Ɗana ya rame, kuma ni na fi son mai faɗa mini a ido. Har yanzu bakinki bai yi mini ba."

"Ni ma naki, Hola. Kuma ba zan bar aiki ba."

"Wa ya ce ki bari? Rabin lungu suna so a haƙa musu. Sai ki sa su jira."

Tolib ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Ke muke saurare, 'yata." Rabon da ya kira ta haka tun kaka.

Ta ce a ba ta minti ɗaya. A ɗakinta ta rubuta:

"Likita, yanzu babu abin da za ka rufe. Kana da magana?"

Amsar ta zo nan take: "Ina son ki, Barnojon, tun kina tsaye a kan ɗoɗɗoya. Tsoro ne ya hana ni faɗa. Har yanzu ma ina jinsa."

"Ka ci gaba da ji, jonim, abin raina. Na amince."

Aka karya gurasa a ranar. Da bazara aka yi biki, maza suka ci osh, dafa-dukan shinkafar biki, da sassafe, masu busa suka cika lungun da ƙara har tagar Dilafruz ta rufe. Washegari aka fito da amarya lulluɓe don gaida dangin miji, mai waƙa tana kiran suna ɗaya-ɗaya, ita kuma tana rusunawa. Matan lungu suka miƙa wuya su ga ko wannan kan zai sunkuya.

Da aka kira sunan Muazzam, Barno ta rusuna har ƙasa, da son ranta. Tsohuwar ta yi saurin kama kafaɗunta ta ɗago ta.

"Ya isa haka, kada su saba gani," ta raɗa mata. Sannan ta ɗaga hannu sama. "Allah ya sa ku tsufa tare. Ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai irin na uwarsu, in ga yadda za ta yi da su."

Gida ya amsa da amin, muryar Eldor ta fi ta kowa.