Kwaɗo a Ƙarƙashin Tagar Dorina

Da ƙafa ta turo ƙofar shagon, don hannayenta biyu suna rungume da tsohon garmaho da aka naɗe a bargo kamar jariri. Genti ya ɗago daga wayar da yake gyarawa, ya ga budurwa mai jar hula, sanyi ya mayar da kumatunta jajir. Ɗan ƙarfen da ke hannunsa ya faɗi ƙasa, ko nemansa bai yi ba.

"An ce duk tsohuwar kasuwar garin nan na Korca kai kaɗai ne ba ka raina kayan tsofaffi," ta ce tana haki. "In ƙarya aka yi min, ka faɗa in koma da abina."

"Ajiye shi tukuna kar ya karya ki. Me ke damun dattijon?"

"Ya daina magana. Kamar mai shi."

Roba ce kawai ta tsinke a ciki, aikin da ba ya cin lokaci, amma Genti ya yi ta jan jiki yana goge abin da ba ya bukatar gugewa. Da ya gama, ta zaro faifai daga jakarta ta ɗora. Sautin mandolin, wani irin ɗan molo, ya cika shagon, sai muryar namiji siririya ta biyo baya, tana roƙon wata ta buɗe tagarta ko da faɗin yatsa ne, wai ƙanƙara ta rufe masa takalmi amma bai tafi ba. Da muryar ta kai kalmar ƙarshe sai ta tsaya a kanta, ta yi ta ja, ta yi ta ja. Genti ya miƙa hannu zai ɗaga allurar, a zatonsa faifan ne ya maƙale.

Ta buge masa hannu. "Kar ka taɓa! Haka yake. Jira."

Can sai wata murya mai kauri ta shigo daga ƙasa ta tallafe ta saman, suka sauka tare. Tsigar jikin Genti ta tashi.

"Babana ke nan, Sotir," ta ce a hankali. "Na saman marigayi Stavri ne."

Ko Genti da ya taso a ƙauye ya san sunayen nan. Kakarsa takan ce zamanin da rediyo ɗaya ce a unguwa, in aka sako Stavri da Sotir, mata har abinci suke ƙonawa.

Sunanta Dorina. Ta ba shi labarin yadda kowace Lahadi bayan an taso daga coci babanta ke ɗora ta a cinya ya kunna faifan nan yana bin sa, mamanta na murza fulawar gurasar lakror a kan tebur tana murmushi. Tun da aka binne Stavri bai ƙara buɗe baki da waƙa ba. Ya ce muryar ƙasa ba ta tafiya ita kaɗai.

Don ya burge ta, Genti ya ɗan rera baitin. Dorina ta yi dariya har ta dafa kanta.

"Wayyo Allah! Malam, kwaɗo ka haɗiye?"

Sunan da ya bi shi ke nan. Da yamma saƙonta ya shigo: "Kwaɗona, garmaho na aiki. Mama ta yi kuka. Baba ya tashi ya fita tsakar gida. Na gode duk da haka."

Ya amsa: "'Yar garmaho, ki duba ko akwai wani abu da ya lalace a gidanku. Ko agogo ne, ko dutsen guga. In babu, ki lalata ɗaya."

Kafin ƙanƙara ta narke ta kawo masa agogo, ta kawo dutsen guga, ta kawo wata fitila da lafiyarta ƙalau. Daga baya ta daina kawo komai sai kanta. Sukan zauna a bayan shago da kofi mai zafi, ta ba shi labarin tsofaffin mawaƙa, wane ne ke sa farar kwat, wane ne ke rera waƙa ido a rufe. Shi kuwa ya yi ta kallon bakinta, rabin labarin na wuce shi.

Ranar da ya je gaida iyayenta ya sa rigarsa mafi kyau. Mama Violeta ta tarbe shi hannu bibbiyu, ta cika masa faranti. Baba Sotir kuwa, dogon tsoho mai farin gashin baki, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai gyaran waya?"

"Ni ne, Baba."

"Dorina ta ce kana son waƙoƙinmu. Yi mana baiti ɗaya."

Da ma ƙasa ta tsage. Genti ya daure ya fara. Bai kai tsakiya ba kyanwar gidan ta miƙe ta fice, tsohon kuma ya ɗaga hannu.

"Ya isa, kar ka kashe min abokina sau biyu." Ya juya ga 'yarsa. "Ni ba zan yi miki dole ba, Dorina. Amma a ƙarƙashin tagar nan na tsaya na roƙi uwarki da waƙa, haka ubana ya yi. Wanda zai ɗauke ki da albarkata, ya zo ya tsaya a nan ya yi waƙar da za ta motsa ni. In ba haka ba, ku je ku yi aurenku, ni dai ba ni a ciki."

Kowa a ɗakin ya san kora ce aka yi da ladabi. A bakin ƙofa Dorina ta riƙe hannun rigarsa, idanunta cike da hawaye.

"Ina son ka, Genti. Amma ba zan shiga coci ba tare da hannun Baba a kaina ba. Ba zan iya ba."

"Ban ce ki iya ba," ya ce. "Ki bar min taga kawai."

Ana cikin haka sai ga Ledio. Ledio mawaƙin otal ne, kyakkyawa, gashi a kwance da mai, kuma gaskiya ɗaya ce, Allah ya ba shi murya. Ya daɗe yana zagayen Dorina, da ya ji sharaɗin tsoho sai ya ga ƙofa ta buɗe masa. Wata yamma ya zo ƙarƙashin tagar da lasifika a hannu, ya kunna kiɗan da aka riga aka haɗa, har da muryar ƙasa a ciki, ya hau kai ya kwaikwayi Stavri tsaf. Unguwa ta fito ana tafi. Genti na can ƙarshen layi a tsaye, ya ga Baba Sotir a taga yana share hawaye da bayan hannu. Zuciyarsa ta yi nauyi, amma ƙafarsa ba ta kai shi gida ba. Gidan Inna Olimbi ta kai shi, matar marigayi Stavri.

Tsohuwar ta saurari bukatarsa, ta ce ya rera. Ya rera. Ta toshe kunne ɗaya.

"Ɗan nan, wa ya yi maka wannan mugunta? To, murya dai ba ka da ita, kuma ba ni da ta ba ka. Amma ka iya naci?"

"Shi kaɗai na iya, Inna."

"Dawo gobe. Ka taho da maganin ciwon kai."

Kullum in ya rufe shago can yake nufa. Bai gaya wa Dorina ba, tsoro yake ji kar ta sa rai ya ba ta kunya. Wannan shirun ne Ledio ya samu ya yi amfani da shi ya baza jita-jita, don jikar Inna Olimbi, wata nas mai fara'a, a gidan take zaune.

Saƙon Dorina ya shigo yana tsaka da atisaye: "An ce kullum da yamma kana gidan wata nas. Na ƙaryata, sai na gan ka da idona ka shiga. In ka gaji da sharaɗin Baba ai sai ka faɗa min, ba sai na ji a gari ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Nan take ya rubuta: "'Yar garmaho, in har yanzu kina kusa, ki zo ki tsaya a bakin ƙofar. Kar ki ƙwanƙwasa. Ki saurara kawai."

Ya ajiye wayar ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. Inna Olimbi ta kwaɗa masa cokali a kafaɗa.

"Daga ciki, ɗan banza, daga ciki! Waƙa na ce, ba kiran awaki ba!"

Ƙofa ta buɗe. Dorina ce, tana dariya tana kuka lokaci guda.

"Kwaɗona," ta ce, "babu nas ɗin da za ta jure wannan saboda soyayya. Ka yafe min."

A wannan zaman ne Genti ya tambayi abin da ya daɗe yana cin sa, dalilin da Stavri ke jan kalmar ƙarshe haka a faifai. Inna Olimbi ta kalli hoton mijinta a bango ta yi murmushi.

"Ba gwaninta ba ce, jira ne. Stavri ba ya sauka daga baiti sai Sotir ya shigo ƙarƙashinsa, alkawarinsu ke nan tun suna yara. Ranar da aka ɗauki faifan nan a gidan rediyo, ubanki, Dorina, ya shagala da kallon Violeta ta gilashi, ya manta da shigarsa. Mijina ya riƙe har fuskarsa ta koma shuɗiya. Gara masa ya mutu a wurin da ya sauka shi kaɗai."

Genti ya ce, "Inna, ki bar gyara min murya. Ki koya min riƙe numfashi."

Ranar Lahadi, rana na shirin faɗuwa, ya tsaya a ƙarƙashin tagar. Ba lasifika, ba makaɗa, sai Inna Olimbi a kan kujera da mandolin ɗin mijinta a cinya. Maƙwabta suka leƙo, wasu tun kafin ya fara suke ƙunshe dariya. Ledio ma ya zo kallo, ya jingina da motarsa. Taga ta buɗe, Baba Sotir ya bayyana, hannu a harɗe, Mama Violeta da Dorina a bayansa.

Genti ya fara. Ba za a yi ƙarya ba, waƙar ba ta yi daɗi ba. Muryar ta karkace nan, ta fashe can, wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ya roƙi a buɗe taga ko da faɗin yatsa, ya ce ƙanƙara ta rufe masa takalmi, ya kai ga "ban tafi ba". Ya hau kalmar ƙarshe ya tsaya.

Ya ja. Inna Olimbi ta ɗauke hannu daga mandolin, ba sauran sauti a layin sai wannan murya guda mai rawa. Dariya ta mutu. Jijiyoyin wuyansa suka fito, idanunsa suka kawo ruwa, amma bai ɗauke su daga kan tsohon ba. Baba Sotir ya warware hannayensa. Ya gane abin da ake yi masa, ya kama ƙarfen taga ya girgiza kai alamar a'a. Genti bai sauka ba. Layin ya fara juya masa.

"Sotir," Mama Violeta ta ce, "yaron nan zai faɗi. Kai ake jira."

Sai muryar ta zo. Ta yi tsatsa, ta yi kaushi saboda daɗewa a rufe, amma ita ce, mai kaurin nan, ta shigo daga ƙasa ta tallafe ta Genti ta miƙar da ita, suka sauka tare. Genti ya zube a kan gwiwa yana haki. Inna Olimbi ta rufe fuska da gyalenta. Ba wanda ya lura lokacin da motar Ledio ta bar layin.

Tsohon ya sauko da silifas ɗinsa, ya ɗago shi da hannu biyu.

"Muryarka masifa ce," ya ce, hawaye na bin gashin bakinsa. "Wancan yaron ya yi min Stavri har na yi kuka, amma bai bar min wurin shiga ba. Kai ka bar min. Tashi, ɗana, saura baiti biyu, kuma kar ka kuskura ka yi min sauri."

Bayan bikin Ista aka ɗaura aure. Baba Sotir da kansa ya riƙo hannun Dorina har gaban fada, limamin coci, ya ɗora tafinsa a kanta, sannan a kan Genti.

"Allah ya yi muku albarka. Ku tsufa a kan matashin kai ɗaya, kuma duk wanda ya riga kai ƙarshen baiti ya jira ɗan'uwansa."

"Amin," in ji Mama Violeta, "kuma Allah ya sa 'ya'yan su ɗauko muryar kakansu."

A wurin biki aka ajiye garmaho a kan tebur na musamman, amma ba a kunna shi ba, don ango da surukinsa sun hana kowa sakat. Dorina ta jingina da kafaɗar mijinta ta raɗa masa, "Kwaɗona, ka dawo min da Lahadina."

Ya sumbaci goshinta, ya ja dogon numfashi, don tsohon ya riga ya ɗaga masa gira alamar a shiga baiti na gaba.