Barkonon Gidan Majozi

A tashar Durban suka fara haɗuwa, cikin bas ɗin Msinga, kuma da faɗa aka soma.

Khethiwe ta riga ta zauna kusa da taga, sai ga wani dogon saurayi ya cuso kai rungume da jita. Yana zama, wuyan jitar ya doki gwiwarta.

"Bawan Allah, ƙafata ce kujerar kayanka?"

Ya dubi jitar, ya dube ta. "Yi haƙuri 'yar'uwa. Ba ta saba ganin kyawawa ba ne, shi ya sa ta rikice."

"To ka koya mata ladabi."

"Kai! Wannan barkono daga wane lambu aka tsinko shi?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ta juya fuskarta waje don kada ya ga murmushinta.

Da suka ɗauki hanya, direba ya saka maskandi, kiɗan jitar Zulu, sabuwar waƙar Mandlakhe Majozi da ake yayi. Saurayin ya lumshe ido, yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa.

"Mutumin nan akwai murya," ya ce. "Amma yarinyar da ke masa amshi, ita ce gishirin waƙar."

"Kunnenka ya fi bakinka hankali," in ji Khethiwe. "Ni ce. Mandlakhe yayana ne."

Yatsunsa suka tsaya cak. Daga baya ya sake, ya ce sunansa Velaphi Dladla, daga wajen Pomeroy. Kafin Greytown sun raba fanke ɗaya, kafin a fara gangara duwatsun Msinga lambarta ta shiga wayarsa. Sai da gadar Tugela Ferry ta bayyana, tana tattara jakarta, ya sassauta murya.

"Gara ki ji daga bakina. Ni ne sabon mai jitar Fanozi."

Ta fizgi jakarta ta sauka.

Duk Msinga babu wanda bai san abin da ke tsakanin Mandlakhe da Fanozi Mvelase ba. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka koyi kiɗa a jitar gwangwani, ɗaukaka ta zo ta raba su. Yanzu duk wanda ya saki waƙa, in ya kai wurin kirari, ya faɗi sunan ubansa da dutsen garinsu da kogin da yake sha, sai ya ƙarasa da habaici ga ɗayan. Magoya bayansu kuwa ba a habaici suke tsayawa ba. An fasa kawuna a tasha, an ƙona wata mota a Keate's Drift.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Barkonona, na san kin yi fushi. Yatsuna na jinginar wa Fanozi, ban jinginar masa da zuciyata ba. Tana nan kujerar taga inda kika bar ta."

Ta karanta, ta goge. Washegari da kanta ta rubuta: "Wa ya ce maka ni barkononka ce?"

"Idona. Tun jiya yake ruwa."

Haka abin ya ɗore. In ta je Durban ɗaukar amshi, sai su haɗu a bakin teku inda ba wanda ya san su. Yakan zauna a kan yashi ya buɗe mata kiɗa irin na mutanen Msinga, babban yatsa na tafiya a ƙasa kamar dattijo, manuni na tsalle a sama kamar ɗan akuya, ita kuma ta ɗora murya a kai.

"Ranar da Yaya zai ji, kashinmu ya bushe," ta ce masa wata rana.

"Ni ba ɓarawo ba ne, Khethiwe. Ina gama aikin faifan nan zan bar Fanozi, in turo kawunnaina ƙofarku da rana tsaka."

Faifan ne ya riga shi.

Ranar wata Asabar tana tuƙa tuwon masara a tsakar gida, mahaifiyarta MaSithole na tsinke ganye, rediyo na kan taga. Mai gabatarwa ya ce ga sabuwa fil daga Fanozi. Kiɗa ya tafi, ya tafi, sai aka kai kirari:

"Kai mai cika baki, tafi ka gyara shingenku! Barkonon gidan Majozi a tukunyarmu yake dahuwa, yarona ne ke juya shi!"

Muciya ta suɓuce daga hannunta. Barkono. Duk duniya mutum ɗaya ne ke kiranta haka.

Ba a jima ba motar Mandlakhe ta tsaya da ƙura. Ya shigo ko gaisuwa babu.

"Khethiwe! Da gaske ne?"

"Yaya..."

"Na ce da gaske ne? A tasha yara suna rera min ita! Ni nake fita da ke gari gari ina cewa ga ƙanwata, ashe abin dariya nake yawo da shi!"

Ya zari sanda daga jikin danga. MaSithole ta tare ƙofa. Sai ga muryar mahaifinsu, Baba Majozi, daga gindin bishiya, ba da ƙarfi ba.

"Ajiye sandan nan. Ku zo nan, ku biyun."

Suka durƙusa. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya fara magana.

"Kun san na yi kiɗa a masaukin ma'aikata a Johannesburg. Mu muka kai musu kiɗan ƙasar nan, har yau da shi suke taƙama. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne dalilin da na bari. Abokina ya saka sunan matar wani a kirari, don a yi dariya. An yi dariyar. Da safe ni na wanke gawarsa." Ya ɗago. "Mandlakhe, ba za ka mayar da martani ba. Ke kuma, yaron da ya kai sunanki kasuwa ba zai taka gidan nan ba, ina raye."

Ta shiga ɗaki ta kifa fuska a katifa. Wayar na ta ruri. Daga ƙarshe ta buɗe saƙon.

"Na rantse da kabarin mahaifina ban gaya wa Fanozi ba. Wayata na bari a kan sifika, saƙonki ya shigo, ya karanta. Na ƙi kaɗa waƙar, wani ya ɗauko ya kaɗa masa. Ki saurara da kyau, za ki ji ba hannuna ba ne."

Ba ta so, amma ta saurara. Gaskiya ne. Wannan hannun gaggawa yake yi, ba shi da tafiyar dattijon nan. Sai dai hakan bai ɗauke mata kunyar fita ɗebo ruwa ba. Ta rubuta:

"Na ji ba hannunka ba ne. Amma har yanzu a bayansa kake tsayawa. Kada ka sake kirana."

Ta kashe wayar.

Gasar ƙarshen shekara ta zo a filin ƙwallon Tugela Ferry, kuma masu shiri, don neman jama'a, suka jera Fanozi da Mandlakhe ɗaya bayan ɗaya. Baba Majozi ya ce kada a je. Mandlakhe ya ce in bai je ba, gobe ko akuya ba za ta saurare shi ba. Khethiwe ta ɗaura ɗamararta ta duwatsun ado ta bi shi, don ta san in tana kusa zai ɗan ji nauyi.

Rana ta take, fili ya cika. Mutanen Fanozi a gabas, na Mandlakhe a yamma, 'yan sanda ƙalilan a tsakani suna share gumi. An hana shiga da sanduna, amma duk wanda ka kalla sai ka ga rigarsa ta yi tudu.

Tana tsaye a gefen dandamali ta gan shi. Velaphi ya hau a bayan Fanozi da jitarsa, ya rame, bai dubi kowa ba. Ashe dai ya zo.

Ya buɗe kiɗa, fili ya ɗauka. Masu rawa suka ɗaga ƙafa har kafaɗa suna dukan katako da takalman taya. Waƙa ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Sai Fanozi ya gyara rawanin fatar damisarsa, ya juya yamma yana murmushi.

"Jama'a, miyar nan ta yi lami! Me za a zuba mata?"

Gabas ta amsa da murya ɗaya: "Barkono!"

Khethiwe ta ga hannun yayanta ya ƙanƙame ƙarfen matakala. A yamma maza sun fara cusa hannu cikin riga.

Fanozi ya ɗaga wa mai jita hannu. Shiru. Ya sake ɗagawa.

Velaphi ya zare igiyar jitar daga sifika, ƙara ta tsaga fili. Ya tako gaba ya karɓi makirfon ɗan amshi.

"Ni ne Velaphi ɗan Dladla, daga Pomeroy, mai shan ruwan da ke gangarowa kogin Thukela. Wannan waƙa ba da yatsuna ba, yau ko gobe. Yarinyar da ake zagi 'yar mutunci ce, ban taɓa ganin abin kunya gare ta ba. Gidan Majozi, ku yafe min. Ni zan aure ta, in kun ba ni."

Fili ya yi tsit, sai kuma gabas ta ɓarke. "Maci amana!" Kwalba ta farko ta fashe a katako. Ta biyu ta same shi a goshi, jini ya wanke masa ido. Wasu samari suka fara hawowa dandamali.

Khethiwe ba ta san sanda ta haye matakala ba. Ta tsaya a gabansa ta buɗe hannuwa.

"Sai ku fara da ni!"

Sai ta ji mutum ya tsaya a gabanta ita ma. Mandlakhe ne, hannunsa babu komai. Ya karɓi makirfon ya juya wajen nasa mutanen, waɗanda suka riga suka taso.

"Duk wanda ya fito da sanda, ba nawa ba ne! Ku koma!" Sannan ya dubi Fanozi ido cikin ido, ya sauke makirfon, amma na kusa sun ji. "Fanozi, yarinyar nan a bayanka ka goya ta ranar da kogi ya kawo. Ka manta?"

Fanozi ya dubi Khethiwe, ya dubi jinin da ke ɗiga a katako. Bai ba da haƙuri ba. Amma ya ɗaga wa samarinsa hannu su sauka, ya juya ya bar dandamalin.

A asibiti aka ɗinke goshin. Khethiwe na zaune gefen gado tana riƙe da yatsunsa, tana dubawa ɗaya bayan ɗaya ko sun ji ciwo.

"Wawa kawai," ta ce, hawaye na zuba. "Da sun kashe ka fa?"

"Kin ce kada in kira ki. Dole na nemi wata hanyar."

Mandlakhe na jingine a ƙofa. Ya yi tsaki. "Kai, Dladla. Aikinka ya tafi, ka sani ko? Da me za ka riƙe ta?"

"Da hannun nan, Yaya."

"Wa ye yayanka?" Ya juya zai fita, sai ya tsaya. "Ranar Talata ina da ɗaukar waƙa. In kan naka ya daina zuba, ka zo da jitar. Ban ce na yarda da kai ba."

Baba Majozi ya fi wuya. Labari ya iske shi daga bakuna da yawa, amma bai sauko ba. Da sanyi ya wuce, kawunnan Velaphi suka zo da sassafe suka tsaya a bakin shinge, suna kiran kirarin gidan Majozi, suna faɗin launin shanun sadakin da suka kawo. Ba a buɗe ba. Rana ta fito ta gasa su, suka ci gaba da kira har murya ta dushe. Khethiwe na ɗaki, ta ciji gefen zaninta.

MaSithole ta durƙusa gaban mijinta. "Baban Mandlakhe, ka ce wanda ya kai sunanta kasuwa ba zai shigo ba. Wannan shi ya je kasuwar ya ɗauko sunan da jininsa."

Tsohon ya dubi wajen shinge. Can ya ce, "A buɗe musu. A kawo musu ruwa, sun yi ihu da yawa."

An yi bikin bayan girbi. An yanka shanu, burkutu ya wadata, dangin ango da na amarya suka yi gasar waƙa da rawa har ƙura ta rufe duwatsu. Fanozi bai zo ba, amma an wayi gari da wata baƙar akuya ɗaure a shinge, kowa kuma ya san daga garken da ta fito.

Ranar tafiya, Baba Majozi ya kama hannun 'yarsa ya shiga da ita turken shanu. Ya cire hula, ya kira kakanninsa da sunayensu.

"Ga Khethiwe za ta gidan Dladla. Ku bi ta. Ku tsare mata ƙofa, ku ba ta 'ya'ya masu jin magana, ku sa bakin duniya ya gaji da ita." Ya saki hannunta. "Tafi, 'yata. Kada ki waiwaya."

Ba ta waiwaya ba, ko da ta ji kukan mahaifiyarta. A ƙasan tudu, inda hanya ta fara, Velaphi na tsaye cikin danginsa, tabon goshinsa na sheƙi a rana. Ya miƙo hannu.

"Kin iso?"

"Na iso," ta ce. "Mu je gida."

Matan gidan Dladla suka saki guɗa, ta bi kwari har ta tsallaka kogi. Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa a tsufa tare.