Maɓallin da Fiddausi Ta Danna

"Miliyan arba'in! Kuɗin jami'a, ya narkar a caca!"

Munira, 'yar ajin Jamaluddeen, ce ta kawo zancen daga Dutse, har da hoto a waya: allon kwamfuta jawur da lambobi, sunan Jamaluddeen, wanda zai auri Fiddausi, a sama. Ita ma ta so shi, bai kula ta ba. Kafin la'asar magana ta zaga Birnin Kudu, ta haura Gwaram. An ce ruwa ba ya tsami banza. Ai wani lokacin bakin mai shan ne da tsami.

"Ranar Juma'a a mayar wa su Jamaluddeen da kayan aurensu Kwandiko," in ji Malam Abdulbaƙi, mahaifin Fiddausi. "Ba na ba ɗan caca 'ya."

Fiddausi ta tashi ta shige ɗaki.

Ita ta san abin da ba wanda ya sani. Ran Talata ta bi Jamaluddeen ɗakin kwamfutocin da 'yan ajin ƙarshe ke koyon manhajar saye da sayar da hannun jari. Da zai fita azahar ya ce, "Zauna ki yi kallo, Fiddata, kar ki taɓa komai."

Ta taɓa.

Kore ya koma ja. Ta sulale ta gudu, ta ja bakinta ta yi gum.

Wayyo Allah! Ɗaure shi za a yi? Ran Litinin ta hau motar Dutse, don ta ji gaskiyar da kunnenta. A ƙofar ofishin Dakta Zahara'u, malamar darasin, ta tarar da shi, duk ya rame.

"Me ya kawo ki? Koma!"

"Ni ce na danna, Jamal..."

"Na sani, masoyiyata. In kika faɗa, ke za a hukunta. Ba ki da izinin shiga ɗakin."

"Shi ne ka bari ana ce maka ɗan caca?"

"Na faɗa wa Malam ba caca ba ce. Ya ce in ba rami me ya kawo maganar rami."

Ta ture ƙofar. Ta zayyane komai.

Dakta ta sauke tabarau. "Sai yau mai yatsan ta bayyana? Za ki sha takardar gargaɗi. Kira min babanki."

Fiddausi ta kira, ta sa wayar a amsa-kuwwa.

"Malam, wa kuka tambaya kafin ku yanke hukunci?" in ji Dakta.



"Hajiya... hoto muka gani." Ya yi gyaran murya. "In ba caca ba ce, kaya na nan inda suke. To kuɗin fa?"

"Na gwaji ne, lambobin koyo, ko sisi babu na gaske. Makin zango guda ya rasa. Sifili na ba shi, don sau uku ina tambayarsa wanda ya zauna a kujerarsa, ya ƙi faɗa."