Ranar da Don Eusebio Ya Shiga Gidan Gem

"Chela, ko ki faɗa wa babanki yau, ko ni in faɗa masa da bakina."

Griselda, wadda ake kira Chela, ta waiga ta kalli ƙofar gidansu kafin ta amsa, murya can ƙasa.

"Ka rufa mini asiri, Nica... Bari a karɓi kwandon neman auren tukuna."

"Da ƙarya za a karɓe shi? Kin ce masa gyaran firij nake yi. Jiya ya tare ni a kasuwa yana tambayata me ya sa naku yake zubar da ruwa."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ƙila zafi yake ji."

Dariya ta so ƙwace mata, sai hawaye suka riga ta. Nicanor ya riƙe hannunta yana kiranta hasken idonsa, yana ce mata Lahadi ta kusa, komai zai wuce. Ita dai ta san mahaifinta.

To bari in gaya muku abin da yarinyar nan take tsoro, kada ku ce ta cika raki. Nicanor gidan gem gare shi a bayan coci, inda yara ke zama gaban allo suna latse-latse. Mahaifinta kuwa, Don Eusebio mai walda, duk garin nan an san abin da ke tsakaninsa da gem.

Griselda tana firamare lokacin. A shagon da muke sayen tortila, wato wainar masara, akwai wani dogon akwatin gem mai cin tsaba, yayanta Abelardo kuma ba shi da aboki kamarsa. In an aike shi, tortila ta dawo a sanyaye, canji kuma akwati ya haɗiye. A wancan zamanin kowa ya yarda abin nan shi ke lalata yara. Limamin coci ya faɗa, malaman makaranta sun faɗa, mata sun faɗa a wajen wanki. Rannan Don Eusebio ya taso daga shagonsa da guduma, ya ja ɗansa da kunne, ya farfasa akwatin a gaban jama'a. Har tafi aka yi masa.

Daga nan Abelardo ya koma zaman bakin titi da samari. Ba a jima ba wasu masu baƙar mota suka yi musu alkawarin aiki a arewa. Ya tafi da rigar jikinsa, kuma har yau ba wanda ya sake jin muryarsa. Uwarsu ta rasu tana sauraren ƙofa. Shi kuwa Don Eusebio ya kafe a kan cewa gem ne ya fara ɓata masa yaro, shi ya koya masa sha'awar bindiga. Duniya ta canja, tsofaffi ma sun koma buga gem a waya suna jiran likita, amma a gidansa ko sunan abin ba a ambata.

Ranar Lahadi bayan an taso coci, Doña Hortensia, mahaifiyar Nicanor, ta zo neman aure da ƙanenta da ɗanta, da kwandon da aka saba: burodi mai zaƙi, cakulan, lemo, farin kyandir da kwalbar giyar mezkal. In uba ya yarda, zai kunna kyandir ya buɗe kwalba. In bai yarda ba, kwando ya koma yadda ya zo.

Griselda tana tsaye bayan kujerar mahaifinta. Komai yana tafiya lafiya, har Don Eusebio ya lalubo ashana a aljihu. Sai dai Doña Hortensia, Allah ya ba ta baki. Ta shiga yabon ɗanta: ba ya sha, ba ya yawo, ga riƙon sana'a, watan jiya ma ya ƙaro sababbin alluna don yara har layi suke yi.

"Allon me?" in ji Don Eusebio.

Nicanor ne ya miƙe, ya cire hula, ya faɗi gaskiya tun daga farko, ya kuma ce laifinsa ne da ya yi shiru.

Don Eusebio bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ta fi samun sauƙi. Ya mayar da ashanar aljihu, ya ce wa baƙin su ɗauki kayansu kada burodin ya bushe. Da suka fita ya dubi 'yarsa.

"Har ke, Griselda?"

"Baba, ka saurare ni..."

"Abin nan ya riga ya ci mini ɗaya. Ke kaɗai kika rage."

Ya shige ɗakinsa. Washegari ya fita bai sha kofin da ta dafa masa ba.

Da rana, bayan an tashi makaranta, tana shanya kaya, maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta ce mata ta ga Don Eusebio ya rufe shago ya nufi bayan coci, kuma da guduma a hannunsa.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba. Tana gudu tana roƙon Allah, ita kanta ba ta san wa take roƙa wa ba, uban ko masoyin. In ya fasa kayan Nica, 'yan sanda. In Nica ya ɗaga masa hannu, shi ke nan, ta rasa su duka biyun.

Ta same su a bakin ƙofa. Yara cike da ɗakin, ƙanana da manya, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya zuba ido. Nicanor yana tsaye tsakanin tsohon da allunan, hannayensa a bayansa.

"Matsa, yaro."

"Don Eusebio, in fasawa za ka yi, ka bari yaran su fita tukuna. Gilashi yana tsalle."

"Baba, don girman Allah..." Griselda ta riƙo hannun rigarsa. Ya fizge.

A daidai nan aka ji ƙarar farko daga wajen kasuwa. Mu mutanen garin nan ba ma tambayar ko tayar mota ce ta fashe, mun san harbi ne. Ta biyu da ta uku suka biyo baya a jere, sai ƙugin babura, sai ihun mata.

Griselda ba ta taɓa ganin Nicanor haka ba. Ya tura ta ciki ita da mahaifinta, ya ce wa yaran, cikin muryar da ba ta rawa, kowa ya je bayan bango kamar yadda suka saba. Ashe ya gina wani kakkauran bango na bulo a ƙuryar ɗakin. Yaran suka rarrafa, manya suna jan ƙanana, ba mai kuka sai wata 'yar mitsitsiya mai kitso biyu.

Ya kama ƙofar ƙarfen nan ta shago da ake ja daga sama, ya ja. Ta sauko rabi ta cije. Ya sake ja da duk ƙarfinsa, ta ƙi. Ta ƙarƙashinta Griselda tana hango ƙafafun mutane suna gudu, ƙarar kuma sai matsowa take yi.

"Nica, baro wajen! Za su gan ka!"

Don Eusebio ya ture shi gefe. Ya dubi hanyar da ƙofar ke bi, ya ɗaga guduma ya buga sau ɗaya a gefen hagu. Ƙofar ta faɗo har ƙasa. Suka sa sakata, suka rarrafa bayan bango.

Nicanor ya ciro waya ya ɗauki hoton yaran a kwance, ya tura wa iyayensu mata da ke zaure ɗaya a waya, ya rubuta cewa duk suna nan, kada wadda ta fito nema. Ya ce wa Griselda a kunne, abin da ya fi tsoro kenan, uwa ta fito titi da gudu. Wayar ta dinga ƙara. Wata tsohuwa ta kira tana kuka, muryarta har Don Eusebio yana ji, tana tambayar jikarta mai kitso biyu, tana sa wa Nicanor albarka, tana cewa da ba don ɗakin nan ba da a titi abin zai same su. Griselda ta ga fuskar mahaifinta ta canja. Ya gane muryar. Doña Eulalia ce, wadda ta fi kowa yi masa tafi ranar da ya fasa akwati.

Sai aka buga ƙofar.

Griselda ta toshe bakin 'yar yarinyar da tafinta. Aka sake bugawa, da hannu biyu.

"Nica... Nica, ni ne Fermín. Ka buɗe, don Allah, suna zuwa..."

Muryar saurayi ce da ba ta gama fashewa ba. Nicanor ya yunƙura, ya dubi yaran da ke kwance, ya tsaya. In akwai mai bin yaron a baya fa?

Kafin ya yanke shawara, Don Eusebio ya riga ya kai ƙofa. Ya zare sakata, ya ɗaga ƙofar kaɗan, ya cafko yaron ta wuyan riga ya jawo shi ciki kamar buhu, ya mayar ya rufe. Babura suka wuce da ƙara, ba su tsaya ba.

Yaron yana kwance yana haki, gwiwarsa a kurje, takalmi ƙafa ɗaya. Don Eusebio ya girgiza shi.

"Kai ɗan wane sakarai ne? Me kake yi a bakin titi, ga abokanka a nan?"

"Babana ne ya hana ni zuwa. Ya ce in ya sake ganina a gidan gem sai ya karya mini ƙafa... Shi ya sa nake zama a kwanar titi."

Don Eusebio ya sake shi a hankali. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Yana nan zaune har harbin ya yi nisa, har aka ji jiniya, har iyaye mata suka fara zuwa suna ɗaukar 'ya'yansu suna rungume Nicanor. Doña Eulalia ma ta zo. Da ta ga wanda ke zaune a ƙasa sai ta gaishe shi da ka, ta ja jikarta ta wuce.

Ɗakin ya rage su uku. Wani allo yana ta kiɗa shi kaɗai, wata 'yar mota tana jiran mai tuƙa ta. Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Yaro," ya ce, bai juyo ba. "Da na bar nawa a gaban akwatin nan... da yana nan?"

Griselda ta dubi Nicanor tana roƙonsa da ido ya ce a'a, ya ce ƙaddara ce, ya ce komai.

"Ban sani ba, Don Eusebio. Akwai waɗanda suka zauna a nan kullum, kuma aka tafi da su. Ni dai ƙofa nake rufewa, iyakar abin da na iya kenan."

Nan tsohon ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne matarsa. Griselda ta durƙusa ta rungume kansa tana cewa Babana, Babana, ita ma tana yi. Nicanor ya juya musu baya yana tattara kujerun da ba su buƙatar tattarawa.

Da ya nutsu, ya share fuska da hularsa, ya miƙe da ƙyar. Ya je ya shafa gefen ƙofar, ya yi tsaki.

"Wane jaki ne ya yi maka waldar nan?"

"Wani ne daga..."

"Kada ka faɗa mini, raina zai ɓaci. Gobe da safe zan zo da injina. 'Yata ba za ta riƙa kawo wa miji abinci a bayan ƙofar da ke cijewa ba."

Griselda ta ɗago, ba ta yarda da kunnenta ba.

"Baba... miji ka ce?"

"Kurma kika zama? Je ki sa takalminki daidai, kin fito kamar mahaukaciya."

An ɗaura auren bayan girbin lemo, ni na dafa shinkafar. Kada ku zaci Don Eusebio ya koma son gem. Har gobe cewa yake hayaniya ce da ɓata ido. Amma kullum in an tashi makaranta za ku gan shi a kan kujera a bakin ɗakin surukinsa, ya ba allunan baya, yana kallon titi. In ya hango yaro yana zaune shi kaɗai a kwana, sai ya daka masa tsawa ya ce ya shigo ciki.