Jinkar Mai "Ni Kaɗai"

A wani ƙauye, can zamanin da, an yi wani mutum wanda ba shi da magana sai "ni kaɗai". Rijiyarsa tasa ce shi kaɗai. In maƙwabta suka zo aron tsani, sai ya ce, "Nawa ne ni kaɗai." Har inuwar tsamiyar ƙofar gidansa ya hana kowa zama.

Matarsa ta yi magana har ta gaji. "Haba maigida! Inuwar ma cinye ta za su yi?"

Da damina ta gabato, ya yi sabuwar jinka a tsakar gida. Jinka kuwa sai maza sun taru suke ɗora ta a kan ɗaki. Ya bi gida-gida yana kira. Kowa sai ya ce, "Ai ɗakinka ne kai kaɗai."

Ya dawo ya kama nan, ya kama can, jinka ta ƙi tashi. Hadari ya haɗu, ruwa ya kece. Ya rarrafa ƙarƙashinta ya tsuguna kamar kaza a akurki, ruwa na bi ta ƙafafunsa.

Matar ta ja tsaki, ta naɗe tabarmarta, ta nufi maƙwabta.

Ya ƙwala mata kira, "Ki ce su zo!"

Ta ce, "Yi zamanka, maigida. Ruwan ma naka ne kai kaɗai."