Roba-Robar Sufeto

Da ƙarfe ɗaya da rabi na rana Sufeto ya fito zai je cin abinci, ya tarar babu babur ɗinsa a gindin bishiyar da ke tsakiyar harabar ofishin 'yan sanda.

Ba ma nasa ba ne. Mai shagon babura ne ya ba shi aron kwana uku ya gwada ko zai saya, tunda motarsa ta kai shekarun da bakanike ya daina gyara ta ya koma yi masa jaje. Ƙaramin babur ne mai sauƙin kuɗi, irin wanda ake kira roba-roba, shuɗi mai haske. Ba giya, ba kuloci, maɓalli kawai za ka danna ya tashi. Yau ne kwana na uku, kuma da ƙarfe biyar mai shago zai zo da kansa ya ji hukunci.

Sufeto kuwa shi ne shugaban sashen binciken satar ababen hawa.

Ya riga ya gama nazarinsa, har a takarda, don mutum ne mai son rubutu. Mai kaɗan yake sha. A cunkoso yana ratsa tsakanin motoci kamar kyanwa. Ƙarƙashin kujera akwai ma'ajiya mai ɗaukar fayil biyu da kwanon abinci. Hawan gada kam sai da lallashi. Abu ɗaya ne bai rubuta ba: kamannin babban jami'i idan ya haɗe gwiwoyinsa a kansa kamar mai jiran layi a asibiti.

Ranar farko Baba Saje, wanda ya koya masa aiki tun yana sabon shiga, ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya ce, "Yallaɓai, ina uwarsa? Ai wannan ba a yaye shi ba."

An yi dariya har waɗanda ake tsare da su a bayan kanta.

Yau kuwa, da ya ga babu babur, Sufeto ya koma ofishinsa ya ja durowa. Babu makulli. Ya dubi ƙusar da ke bayan ƙofa. Babu hular kwano. Ɓarawon waje ba ya shiga ofishin sufeto ya buɗe durowa ta biyu daga sama. Na gida ne.

Ya nufi kanta, kunnuwansa na zafi.

"Kofur, buɗe littafin rahoto. Satar babur."

Kofur ya ɗauki biro a hankali. "Mai ƙara fa, Yallaɓai?"

"Ni."

"Inda aka yi satar?"

"Nan."

Baba Saje na tsaye a gefe, kansa ba hula, yana share sanƙonsa da hankici. Ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, a ɗan dakata mana. Ƙila wani ne yake wasa. Kafin la'asar za ka ga ya dawo."

"An gama wasa da ni a ofishin nan, Baba Saje. Kofur, rubuta."

Kofur ya rubuta. Shafukan littafin nan lamba gare su, ba a yage su, kuma kowace yamma shugaban ofis yana karanta su layi-layi.

Kurtun da ke gadin ƙofa ya ƙame tun Sufeto bai iso ba.

"Wa ya fita da babur ɗina?"

"Ban ga kowa ba, Yallaɓai."

"Ƙofa nawa ce a harabar nan?"

"Ɗaya."

"To ta sama ya bi?"

Kurtu ya gyara tsayuwa. "Na ji ƙararsa wajen sha biyu. Na ɗauka kai ne."

"Ka ɗauka. Ba ka duba ba?"

"Yallaɓai, ai..." Ya dubi takalminsa. "Idan za ka fita a kansa ba ma dubawa. Mun yi shawara ne tun shekaranjiya. Don girmamawa."

Sufeto ya waiga ya dubi harabar. Sai yanzu ya gane dalilin da ya sa kwana uku duk wanda ya wuce sai ya same shi yana karanta allon sanarwa. Ya ɗauka ma'aikatansa ne suka fara son karatu.

"Ko ƙasa ba ka kalla ba?"

"Ƙasa kam na kalla. Takalmin aiki ne. Amma ƙafar hagu tana ta taka iska, kamar mai neman wani abu."

Giya take nema. Mai hawan babban babur ne, wanda ƙafarsa ta saba canza giya ko yana barci.

A bakin titi, mai faci na zaune kan tsohuwar taya yana tsoma tib cikin ruwa. Shi ba ya cikin yarjejeniyar girmamawa, ya kalli komai.

"Ranka ya daɗe, ai na ce yau Sufeto ya ci ya ƙoshi. Tayar baya har ta kwanta. Na so in tsayar da kai in ƙara mata iska."

"Ina ya nufa?"

"Shataletale. Da farko yana rawa, daga baya ya miƙe, har da gudu. Sai a kwanar nan na ji ƙiii, na ga ƙura, na ga ƙafafu a sama." Ya ɗago ya dubi Sufeto sama da ƙasa. "Amma ba ka ko ɗingishi. Allah Ya tsare."

Sufeto ya taka zuwa kwanar. A kan kwalta akwai baƙin zane na taya ɗaya, dogo, ya karkace zuwa kwata. Ya san zanen nan. A babban babur, hannun hagu kuloci ne. A roba-roba, birkin baya ne. Wanda ya saba da babba, in ya zo kwana sai ya damƙe hagu da ƙarfinsa, tayar baya ta ƙame. Shi ma haka ta same shi ranar farko a lungun gidansu, sai dai ya dafa katanga, kuma ba wanda ya gani sai akuyar maƙwabta. Wannan ma bai shiga takardar nazari ba.

Mutumin da ya fasa babur ɗin da ba nasa ba, ba ya nisa da shi. Rumfar kanikawa mafi kusa tana bayan gidan mai. Can ya sami babur ɗin an lulluɓe shi da buhu, madubi ɗaya ya karye, robar gefe ta tsage tun daga fitila har ƙasa.

"Wa ya kawo wannan?"

Bakanike ya goge hannunsa a wando. "Wata mata ce."

"Wace iri?"

"Doguwa. A'a, gajera. Ta rufe fuska."

"Da takalmin 'yan sanda?"

"Ban kalli ƙafarta ba, Yallaɓai, matar mutane ce."

"Ta ce a gama yaushe?"

"Kafin la'asar, ko ta halin ƙaƙa. Ya ce... ta ce a nemo roba irin launin."

Makullin na jikin babur ɗin. Sufeto ya murɗa ya ɗaga kujera. A ma'ajiyar, inda yake sa kwanon abincinsa, akwai hular aiki a ninke. Tsohuwa ce, bakinta ya koɗe saboda gumi. Mai ita ya cire ta ne don ya sa hular kwano, faɗuwa ta mantar da shi.

Sufeto ya daɗe yana riƙe da ita. Ya san ta tun ranar da ya fara aiki, lokacin da mai ita ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake rubuta jawabin mai laifi.

Ya tarar da Baba Saje a ɗakin ajiye kayan shaida, zaune tsakanin tsofaffin babura da aka ƙwace, ya miƙe ƙafar dama a kan kwali.

"Ina ka je da sha biyu, Baba Saje?"

"Ina nan, Yallaɓai. Ina jera kaya."

"Me ya sami tafin hannunka?"

"Santsi. A banɗaki."

"Banɗakinmu kwalta gare shi? Ga tsakuwa nan a ciwon."

Baba Saje ya dunƙule hannun. Sufeto ya ajiye hular a kan tebur tsakaninsu, ya ja kujera ya zauna. Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

"Ina babban babur ɗinka?" in ji Sufeto. "Wata shida kana cewa yana wajen gyara."

"Lafiyarsa ƙalau. Yana zaure." Dattijon ya shafa gwiwarsa. "Wannan ce ba ta iya buga shi ya tashi. Ranar ƙarshe da na gwada, sai da surukina ya ɗaga ni. Mijin 'yata, Yallaɓai. Tun ranar nake bin motar haya, ina sauka nesa da nan in ƙaraso da ƙafa."

"Sai ka ga na maɓalli."

"Na ga ka danna da ɗan yatsa ya tashi. Kwana biyu ina kallonka ta taga."

"Da ka tambaye ni, ai da na ba ka."

"Bayan abin da na faɗa a gaban kowa?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na ce zagaye ɗaya, minti goma, in mayar. Ba wanda zai kalla, na san da shawarar da suka yi. Ni na kawo ta."

Sufeto ya jawo takardar jawabi. Da ya saurari dattijon a kanta, da yanzu magana ce tsakanin mutum biyu da bakanike. Shi ya sa aka rubuta, saboda dariyar kwana uku ta taru masa a wuya. Yanzu dole shafin nan ya sami amsa.

"Hanya biyu ce," ya ce. "In na rubuta sata, kora ce, shekara talatin da ɗaya sun tafi ke nan. In na rubuta ɗauka ba izini don gwaji, da hatsari, horo ne na cikin gida. Za a karanta a gaban fareti, shi ke nan."

"A karanta me?"

"Abin da ya faru."

"Cewa na faɗi a kan roba-roba? A gaban yaran da na horar?" Baba Saje ya ɗago a karo na farko, idanunsa sun kaɗa. "Yallaɓai, don girman Allah rubuta sata."

"Baba Saje."

"Ɓarawo ai namiji ne. Rubuta sata, in tafi gida da mutuncina."

Sufeto ya dubi takardar. Ya fahimce shi sarai, abin da ya fi damunsa ke nan. Ya sunkuya ya fara rubutu, bai tsallake komai ba: gwiwar, maɓallin, kwanar, kwatar. A ƙasa ya ƙara layi biyu, cewa shi ma mai binciken ya yi irin wannan kuskuren birki ranar farko, kuma ya ɓoye. Tunda za a karanta a fareti, a karanta duka.

Ya tura masa takardar. Baba Saje ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi. Da ya zo ƙarshe ya tsaya.

"Kai ma?"

"Ni ma."

"Ina ka faɗa?"

"Katanga ta tare ni."

"Ni kwata." Ya karɓi biro da hannun da ya ƙuje, ya sa hannu. "Amma ka saya, Yallaɓai. Kafin kwanar nan, wallahi babu abin da ya fi shi."

Sufeto ya leƙa waje ya kira Kofur ya kai dattijon gaban shugaban ofis. Baba Saje ya sa hularsa, ya yunƙura, gwiwar ta ƙi. Kofur ya tsaya yana inda-inda, bai san ko ya kama shi kamun mai laifi ba ko kamun uba. Daga ƙarshe ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar dattijon, suka bi barandar a hankali, taku ɗaya-ɗaya.