Celli Goma Sha Biyu

Saura kwana tara bikin Palmira da Donato, amma a kicin ɗin Goggo Gaetana babu mai dariya. A ƙauyensu na Abruzzo, amarya ba ta shiga coci ɗaurin aure sai ta kai wa uwar ango tiren celli, kwaɓin fulawa da man zaitun da ake cusa wa jam ɗin inabi a gasa. Dole jam ɗin ya zama na gidan amarya, wanda aka matse inabinsa ɗaya bayan ɗaya da hannu. In uwar ango ta ci, aure ya tabbata. In ta mayar da tiren, an fasa.

To, bana ƙanƙara ta kashe musu inabi. Kwalbar jam ɗaya ta rage, ta bara.

"Wannan ko celli ashirin ba za ta yi ba," in ji Goggo, wadda ta raini Palmira tun rasuwar uwarta. "Assunta uwar Donato kuwa ɗari ta karɓa a auren babban ɗanta. Dama 'yar mai kantin magani take so wa Donato, kin ga ta samu dalili."

Ana haka sai ga Donato, rigarsa a kumbure. Ya jera kwalba huɗu a tebur.

"Daga siton Mama na ɗauko. Ba za ta lura ba."

Goggo ta miƙa hannu da sauri. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

"Mayar da su," in ji Palmira.

"Haba, Palmira. Jam ai jam ne."

"In shiga gidan mahaifiyarka da abin da aka sato mata, in ce hannuna ne ya yi? Da wane ido zan riƙa kallonta?"

"In ta dawo da tiren fa? Ni kike so ko girman kanki?"

Hawayen Palmira suka fara zuba cikin fulawa. Ya kwashe kwalabensa ya bugo ƙofa. Kwana uku bai leƙo ba, Goggo ma ta daina yi mata magana. Palmira ita kaɗai ta murza kwaɓinta, ta kankare kwalbar har gindi. Goma sha biyu suka fito daga tanderu.

Ranar Lahadi bayan coci ta ɗauki tirenta ta nufi gidan su Donato. Ta tarar da Assunta zaune da ƙannenta mata biyu.

"Sauran suna mota ne?" in ji ɗaya.

"A'a, na kyanwa ta fara kawowa," in ji ɗayar.

Palmira ta sunkuyar da kai. "Mama, abin da gidanmu ke da shi ke nan."

Assunta ta ɗauki ɗaya ta ɓara shi biyu. Ta duba ɓawon inabin da ke ciki, ta sansana. Sannan ta ɗago ta dubi Palmira.

"Ranar Alhamis na ga gurbin kwalba huɗu a kantata," in ji ta. "Da yamma suka dawo, ba a buɗe ko ɗaya ba. Ni na haifi Donato, na san ba shi da hankalin mayar da su da kansa."

Ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye.

"Bakinsa bai liƙu da kyau ba. Gobe ki zo in nuna miki, 'yata. Na baƙin biki daga sitona za mu yi."

Donato, wanda ke laɓe bakin ƙofa, ya shigo yana sosa ƙeya. "Sori, Palmira." Ya kai hannu tire, uwarsa ta make shi.

"Ɓarawo ba ya ci."

Ku 'yan matan yanzu masu son a gan ku da yawa, ku ji da kyau. Da Palmira ta cika tire da ƙarya, da a ranar aurenta ya mutu. Ta yi haƙuri ta kai kaɗan ɗinta na gaskiya, ta samu miji, ta kuma samu uwa.